Fitilar Tsaye ta Ƙawa da Sana'o'inmu na Hannu: Sharhi Daga Ƙasar Kazaure

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wata irin fitila da ta shigo manyan ɗakunan baƙi na birane, watau doguwar fitilar lantarki wadda ake girkewa a ƙasa, aka kuma ƙera ta da hannu domin ta zama abin kallo. Sau da yawa akan yi mata hula da ƙwarya ko fata ko kaba, a ce da ita ta gargajiya. Ra'ayinmu shi ne yawancin irin waɗannan fitilu sun ari adon Bahaushe, amma ba su tambayi yadda yake zama a ɗakinsa ba.

Tushe

Kalmar fitila daga Larabci ta zo, inda asalinta ke nufin lagwani. A ƙasar Kazaure, kamar sauran ƙasar Hausa, an fara da kasko da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. Da kananzir ya samu, sai aka shiga yin aci-bal-bal da gwangwani, sannan fitilar ƙwai, yau kuma ga masu caji 'yan ƙasar Sin. Duk waɗannan a ƙasa ake ajiye su, ko a gurbin bango, saboda a kan tabarma ake ci da hira da karatu. Haskensu na mai zaman ƙasa ne.

Sharhi

Aibi na farko shi ne tsayi. An auna fitilar zamani da mai zama a kan kujera, har takan kai mita ɗaya da rabi. In aka kai ta zaure, mai karatu a kan buzu sai ya ɗaga kai ya yi ido biyu da ƙwan, allonsa kuwa inuwarsa ta rufe shi.

Na biyu, ta dogara ga lantarki mai tsayawa. Mutumin Gwiwa ko Roni ya san fitilar da ke mutuwa in an ɗauke wuta gunki ce kawai.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne ado ba bisa dalili ba. Akan manna Dagin Arewa a jikin ƙarfen da aka kwaikwayo siffarsa daga Turai. Alhali ƙwarya tana da abin da za ta yi wa haske: in gwani ya huhhuda ta, zanen nan zai faɗa a bango, adon da hasken su zama abu guda. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya zafi sosai, saboda haka kaba da ƙwarya ba za su babbake ba.

Misalai Biyu

A 1951 masassaƙi Isamu Noguchi ya je garin Gifu na Japan, ya tarar da masu yin fitilun takarda da gora. Ya sa ƙwan lantarki a maimakon kyandir, ya sake musu siffa, ya bar aikin a hannun masu shi. Fitilun Akari ke nan, kuma har yanzu a Gifu ake yin su. Sana'a ta rayu saboda amfaninta ya ƙaru.

A nan gida, Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew da ke Abuja ta da, watau Suleja, a 1954. Tulunanta sun yi suna a duniya, amma sabon gashi da shafen ƙyalli sun ƙara musu nauyi, sun toshe ƙofofin da ruwa ke tsatsowa ya yi sanyi. Tulu ya tashi daga na ɗiban ruwa ya koma na kallo. Ba mu raina gwanintarta ba, amma muna tsoron fitila ta bi wannan hanya.

Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari shi ne abincin maƙera da magina tukwane da masu saƙar kaba na Kazaure da Ɓaɓura, waɗanda kayan roba ke cin kasuwarsu. Muna ba da shawara ga malamai da ɗalibai, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, su zauna da waɗannan masu sana'a, su fito da fitilar da ba ta wuce kafaɗar mai zaune ba, mai gindin yumɓu don kada ta kife, mai batir da ke caji da hasken rana. A kuma rubuta sunan wanda ya yi ta, a ba shi rabonsa. Sai ta haskaka allo da akushi za mu yarda ta cancanci yabo a kan kyau.