Wadar Zuci: Wa Ya Kamata a Fara Yi wa Wa'azinta?

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, a shekarar 2014, kalmar santosha ta ƙara yaɗuwa cikin littattafan gyaran hali. Ma'anarta ita ce abin da Bahaushe ke kira wadar zuci. Sai dai da yawa daga littattafan sun mayar da ita maganin damuwa kawai: mutum ya lumshe ido, ya yarda da abin da ya samu. Wannan fahimta gurguwa ce.

A littafin Yoga Sutra na Patanjali, malamin Indiya na zamanin da, hanyar yoga matakai takwas ce. Wadar zuci tana cikin mataki na biyu, wato niyama, ladubban da ke tsakanin mutum da kansa. Mataki na farko shi ne yama, ƙa'idoji biyar na zama da jama'a: barin cuta, riƙon gaskiya, barin sata, kame sha'awa, da barin tara abin duniya. Ke nan mai ɓoye hatsi don ya yi tsada ko ƙofar wadar zuci bai taka ba, balle ya yi wa wani wa'azinta.

Ƙasar Kurfai ta san nauyin wannan jeri. A yunwar 1931, bayan fara ta cinye gonakin yammacin Nijar, mulkin mallaka bai fasa karɓar haraji ba. A 2005, bayan fari da farar 2004, Filinge na cikin yankunan da suka fi shan wuya; gero yana kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka. Cewa mai rumbu wayam ya yi haƙuri, alhali ba a ce wa mai tarawa komai ba, rufe bakin mayunwaci ne da sunan tarbiyya.

Wannan ba ya rage darajar wadar zuci. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma manomin Dallol Boso da ya ƙi sayar da irin shukarsa don burgar biki ya san haka. Amma malamin da zai koyar da ita a makaranta, ko ƙungiyar da za ta sa ta cikin wasan kwaikwayo, su kiyaye jerin: a fara da adalcin mai hali, sannan a nemi ƙana'ar maras shi.