XAMPP Ya Nuna Kore, Ɗalibi Bai San Me Ya Kunna Ba

Makon jiya a Karfi wani ƙanina ya kawo mini laftof ɗinsa rai a ɓace. Ya rubuta 'yar manhaja da PHP wadda za ta riƙa lissafa buhunan masara da waken suya da manoman unguwarsu ke kaiwa kasuwar Funtua, kuma ita ce aikinsa na kammala karatu. Da ya danna fayil ɗin, sai burauza ta zubo masa rubutun da ya yi ko ta ce za ta sauke shi. Wani mai gyara ya ce masa Windows ce ta lalace, ya karɓi kuɗinsa ya sake ɗora masa wata. Matsalar na nan daram.

Na karɓi takardar darasin da aka ba su, kuma da ita nake da ja. Abin da ta ce kawai: sauke XAMPP, kunna Apache, jira ya zama kore. Ko layi ɗaya babu a kan mene ne sabar.

To mai karatu, bari in ba ka abin da ta tsallake. Burauza ba ta jin PHP, HTML take ganewa. Fayil ɗin PHP tsabar masara ce, burauza kuwa mai tuwo ce da ke jiran gari. Apache ne ke karɓar buƙatarka ya miƙa wa injin PHP ya niƙa, sannan ya dawo maka da HTML. In ka danna fayil kai tsaye, ka tsallake injin niƙa ke nan. Dubi adireshin da ke sama: idan ya fara da file:/// sabar ba ta ma san ka zo ba. Sai ka ajiye fayil ɗin cikin foldar htdocs, ka rubuta http://localhost/ da sunansa. Localhost ɗin nan, wato 127.0.0.1, kwamfutarka ce da kanta, don haka ko datar sisi ba ka buƙata. Ƙanin nawa ya ɗauka dole sai da intanet, har kati yake saye saboda shi!

Ba wai XAMPP ne mara kyau ba. Ya haɗa maka Apache da PHP da MariaDB wuri guda, ya hutar da kai. Amma saukin nan ne malamin ya laɓe a bayansa. Ranar da wata manhaja ta riga Apache kama ƙofa ta 80, kore ya ƙi fitowa, ɗalibin da ba a taɓa gaya masa akwai ƙofa ba ina zai dosa? Ga shi tun 2012, daga PHP 5.4, harshen yana zuwa da ƙaramar sabar gwaji a cikinsa. Ka shiga foldar aikinka ka rubuta php -S localhost:8000, za ka ga kowace buƙata tana shigowa da idonka. A ganina da wannan ya kamata a fara koyarwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne takardar ba ta faɗa musu cewa asusun root na rumbun bayanan yana zuwa ba tare da kalmar sirri ba. Masu XAMPP da kansu sun ce don gwaji suka yi shi, shi kuma yaron nan sunayen manoma da bashin takinsu yake shirin zubawa ciki.

Mun matsar da foldarsa zuwa htdocs, muka sa kalmar sirri. Shafin ya buɗe, sai ga kuskure a layi na 14: ya manta waƙafi mai ruwa.