Hoton Baƙin Rami da Hukuncin Shaida

Misfala unguwa ce a Makka, kudu da Harami. Sunan ya fito daga kalmar Larabci mai nufin gangare, don kuwa nan ne ƙasa ta yi kwari, kuma nan ne Hausawa da sauran Takari su ka daɗe su na sauka. Wanda ya tsaya a titin Ibrahimul Halil da dare ya ɗaga kai, da wuya ya ga tauraro ko ɗaya. Abin da zai gani shi ne hasumiyar agogon nan da a ka gama a 2012, mai tsawon mita 601, ta na ta zuba haske. A can ƙolinta a ka buɗe gidan nune-nune cikin watan Mayu 2019, inda a ke nuna wa baƙi sammai da rana da wata da yadda mutanen da su ke auna lokaci. Kafin buɗewar da 'yan makonni, ran 10 ga Afrilu, masana su ka fito da wani hoto wanda ya zaga duniya cikin yini guda, su ka ce hoton baƙin rami ne. Ya kamata a auna hoton nan, kuma ma'aunin da ya dace da shi mutanen Misfala sun fi kowa saninsa.

Da fari sai a lura da sunan. Baƙin rami fassara ce daga Turanci, Larabawa ma haka su ka yi. Amma sunan bai zauna daidai ba. Rami wuri ne da a ka kwashe ƙasarsa ya zama wofi. Wannan kuwa wuri ne da kaya ya taru ya dunƙule, nauyi ya yi yawa, har haske da ke gudun mil 186,000 a daƙiƙa guda ba ya iya kuɓucewa in ya shiga. Wanda a ka ɗauka ɗin ya na tsakiyar wani garken taurari da a ke kira M87. Nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 6,500, nisansa kuwa tafiyar haske ce ta shekara miliyan 55. Saboda wannan nisa, ganinsa daga duniya kamar mutum ya ce zai hango waina guda da a ka ajiye a kan wata.

Hoton kansa ba wani abin kallo ba ne. Zobe ne dishi-dishi, ja da ruwan ɗorawa, gindinsa ya fi samansa haske, tsakiyarsa baƙi. In a ka nuna wa tsohuwa ba tare da bayani ba, sai ta ce bakin murhu ne da dare. To, nan ne aibi na farko. Launin nan ba na abin ba ne. Abin da a ka kama igiyar rediyo ce mai tsawon milimita 1.3, wadda idon ɗan Adam ba ya gani sam. Masu aikin ne su ka zaɓi launin wuta don nuna inda ƙarfi ya yi yawa da inda ya ragu. Da sun so shuɗi ko kore, da ba abin da ya canja cikin iliminsa. Ba su ɓoye wannan ba cikin takardunsu, amma jaridu da yawa sun buga hoton kamar wani ne ya saita kyamara ya danna. Mai kallo sai ya tafi da tunanin wuta, har ya haɗa abin da Jahannama, alhali jan nan fenti ne kawai.

Ba kyamara a cikin aikin ko kaɗan. Cikin Afrilu 2017 a ka juya manyan farantan kama igiyar rediyo guda takwas, a wurare shida: Cile, Meziko, Hawai, Arizona, Sifen, da ƙarshen duniya na kudu inda ƙanƙara ba ta narkewa. Babu ko ɗaya a Afirka ko ƙasar Larabawa. Na ƙarshen kudun nan ma ba ya hango M87, aikinsa taimaka wa sauran daidaita awo ne. Kowane faranti ya rubuta abin da ya ji tare da lokacin da ya ji shi, bisa agogon da ba ya kuskure. Labarin ya yi yawan da ba a iya aika shi ta waya, sai a ka lodi faya-fayan a jirgin sama zuwa Amurka da Jamus, a ka haɗa su. Ko bayan an haɗa, abin da a ka samu gutsattsari ne, kamar tabarmar da gara ta ci rabinta. Sai an cike gurabun da lissafi kāna siffa ta fito. Watau dai, abin nan shaida ce da a ka tattara a ka yanke hukunci a kanta, a ka zana hukuncin.

Ga inda sanin mutanen Makka ya ke da amfani. Kowace shekara, in Sha'aban ya kai 29, Kotun Ƙoli ta Sa'udiyya ta kan nemi duk wanda ya ga jinjirin wata ya je kotu mafi kusa ya ba da shaida. Masu hisabi sun riga sun faɗi inda watan zai tsaya, kalandar Ummul Ƙura kuma a kan lissafi a ka gina ta. Duk da haka a kan jira wanda ya gani. Kowa kuwa ya san haɗarin da ke nan: mutumin da a ka gaya wa ga inda wata zai fito, kuma ya na ɗokin azumi, ya kan ga wata ko da gefen gajimare ne. Haka al'amarin baƙin rami. Tun 1915 Einstein ya kawo ƙa'idarsa game da nauyi, a 1916 Schwarzschild ya fitar da lissafin da ya nuna irin wannan abu zai yiwu. Tun kafin a juya faranti ko ɗaya, kowane masani ya san zobe a ke nema. Wanda ya ke cike gurabu kuma ya san amsar da a ke so, ai dole a yi masa tambaya.

Masu aikin sun san da wannan, kuma abin da su ka yi shi ne mafi kyawun ɓangaren labarin. Sun kasa kansu ƙungiya huɗu, a ka hana kowace ta ga aikin 'yar'uwarta har mako bakwai, ba kuma hanya guda su ka bi ba. Cikin Yuli 2018 su ka taru a Amurka, kowace ta buɗe nata. Duka huɗun zobe su ka fitar, girmansa kusan ɗaya, haske ya fi yawa ta kudu. Wannan ladabi ne na alƙalin kirki, wanda ya kan raba shaidu ya tambaye su ɗaya-ɗaya.

Amma fa kada a yi saurin gamsuwa. Ƙungiyoyin nan huɗu ba shaidu huɗu ba ne. Takarda ɗaya su ka karanta, watau awon darare huɗu na 2017. Sun fi kama da alƙalai huɗu da su ka saurari mutum guda. In shi ya yi kuskure, yardarsu ba ta gyara kome. Ta nan ne wani masani na Japan, Makoto Miyoshi, da abokan aikinsa su ka shigo a 2022. Su ka ɗauki awon nan su ka sarrafa ta hanyarsu, su ka ce ba su ga zobe ba, mai yiwuwa ƙarancin farantan ne ya haifar da shi. Masu hoton sun musa, waɗansu masana na waje kuma da su ka gwada sun sake samun zoben. Ko da ya ke yawancin malaman fannin ba su bi Miyoshi ba, tambayarsa ba ta banza ba ce, don ita ce tambayar da ya kamata kowane mai kallo ya yi tun ran farko.

Shaida ta biyu ta gaskiya sai a Janairu 2024 ta iso, ba kuwa wanda ya buga mata ganga. An fito da sakamakon awon Afrilu 2018, wanda a ka yi da ƙarin faranti a tsibirin Girinlan. Zoben ya sake fitowa, faɗinsa bai canja ba, amma wurin da ya fi haske ya gusa da kamar digiri 30. Haka lissafi ya ce a yi tsammani: faɗin zoben nauyin ramin ne ya ke ƙaddara shi, nauyin kuwa ba ya sākewa cikin shekara guda, hasken kuma daga iskar gas mai zafi ya ke fitowa, ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Hoton 2019 ya sami suna, amma na 2024 ne ya biya masa bashinsa.

Akwai kuma ƙanensa, wanda a ka nuna ran 12 ga Mayu 2022, na ramin da ke tsakiyar garken taurarin da rana ke ciki. Wannan nauyinsa na rana miliyan 4 ne kawai, nisansa tafiyar haske ta shekara 27,000. Ba a bukatar hoto don a yarda ya na nan, don Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun shekara da shekaru su na bin taurarin da ke kewaya shi, har a ka ba su kyautar Nobel a 2020. Hotonsa ya fi na farko rauni. Da ya ke ƙarami ne, gas ɗin da ke zagaya shi ya kan sāke kama cikin 'yan mintoci, kamar yaron da ya ƙi tsayawa gaban mai hoto. Abin da a ka buga gauraye ne na dubban siffofi da kwamfuta ta fitar, mafi yawansu zobe, kaɗan daga ciki ba zobe ba. Faɗin zoben ya dace da nauyin da Genzel da Ghez su ka auna, wannan kam abin dogara ne. Ɗigon haske ukun nan da ke jikinsa kuwa, waɗanda su ka fi ɗaukar ido, masu aikin da kansu ba su tsaya a kansu ba.