Bege da Zaman Duniya a Littafin John Bunyan

John Bunyan mai gyaran tukwanen ƙarfe ne a ƙasar Ingila. An ɗaure shi a kurkukun Bedford daga 1660 zuwa 1672 saboda ya ƙi barin wa'azi ba da iznin hukuma ba. Littafinsa The Pilgrim's Progress ya fito kashi biyu, na fari a 1678, na biyu a 1684. Galibin malamai na farin suke karantarwa, su tsallake na biyu. Nan akwai hasara.

Jigon littafin shi ne abin da Kiristocin ƙasar Hausa ke kira bege, watau sa rai ga alkawarin Allah. Ya kamata mai koyarwa ya lura, domin ɗalibin da ya saba da waƙoƙin begen Annabi, ƙauna da ɗoki zai fara ji a kalmar, alhali Bunyan jiran abin da aka alkawarta yake nufi.

A kashi na fari begen nan gudu yake sa mutum. Matafiyin ya toshe kunnuwansa, ya bar mata da 'ya'ya suna kiransa. Duniya kuwa kasuwar banza ce, inda aka kashe abokin tafiyarsa. Labarin yana da ƙarfi, ba shakka, musamman inda Ƙaton Fid da Rai ya kulle shi tun daga Laraba har daren Asabar, sa'an nan ya tuna da mabuɗin Alkawari a ƙirjinsa, wanda ke tare da shi tun farko. Amma mai gona da iyali zai tambaya: to, wanda ba shi da halin tashi fa?

Kashi na biyu ne ya amsa. Matar da aka bari ta kama hanya da 'ya'yanta huɗu, ba gaggawa. Ana sauka masauki, ana cin abinci, yaro ya yi ciwo a ba shi magani, ana ɗaura aure. Budurwar da ke rakiyarsu kullum ɗinki take yi tana bai wa matalauta, har manemin aurenta ya janye da ya ga ba ribar kuɗi. Garin kasuwar nan ma sun zauna cikinsa an daɗe, suna taimakon mabukata. Masu tafiya lahira ke nan, amma hannunsu bai bar aiki ba.

Lalle kashin nan bai kai na farin armashi ba. Muhawara ta yi yawa, haɗari ya yi kaɗan. Sai dai ya fi kama da rayuwar mai shi. Bunyan yana kurkuku yana yin igiyoyin takalma ana sayarwa, don ya ciyar da matarsa da 'ya'yansa, cikinsu har da 'yarsa makauniya.