Zalika Sule da rabon mace cikin silima

Kai mai karatu, ko ka taɓa kallon Wazzou polygame, silimar Umaru Ganda da ta ci babbar kyauta a Wagadugu cikin 1972? Wani Alhaji ne ya ɗauki mata ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Ganda ya tona asirin masu sayen aure da kuɗi, madalla. Amma duba wadda aka ɗora wa mugun aiki: matar Alhaji ta biyu, mai kishi har da kisa. Wannan bai gamshe ni ba. Alhaji ya kunna wuta, mace ce ta ɗauki laifi.

Zalika Sule ce ta yi wasan kishiyar. Mutane suka kasa raba wasa da gaske, suka riƙa zaginta cikin Yamai. Sai a 2004 wata mace, Rahmatu Keita, ta yi silima a kanta, ta bar ta ta faɗi labarinta da bakinta, cikin gida babu ruwan famfo. Zalika ta rasu a 2021.