Ɗaure noti ba gyaran birki ba ne

Tsadar sabon babur ta sa matasa sun koma kan tsofaffi. Sai ka ga an jawo Honda Roadmaster ko Jincheng da ya shekara biyar a zaure, an fesa masa fenti, an ɗinka rigar kujera, an jera fitilu. Ban ga laifin wannan ba. Inda nake da ja shi ne idan aka zo kan birki: bakanike ya sunkuya, ya murɗa notin da ke ƙarshen sandar birkin baya sau uku, ya miƙe ya ce, "Oga, ya kama."

Ya kama na yau. Yawancin waɗannan babura birkinsu a cikin cibiyar taya yake. Takalma biyu ne masu siffar rabin wata, da wani ɗan ƙarfe a tsakaninsu. Idan ka taka, ƙarfen ya juya ya buɗa su, su goga da bangon kwanon cibiyar. Notin nan rage sakin ƙafa kawai yake yi, ba ya mayar da fatar takalman da ta cinye. Kana ƙara ɗaurewa, ƙarfen yana ƙara kwanciya, har ranar da zai maƙale ya kulle taya kana tsakiyar titi. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke sa 'yar kibiya a hannun birkin, don ta nuna iyakar ɗauri. Baburin da ya daɗe a ajiye kuwa, danshin damina kan kashe gam ɗin da ya riƙe fatar, ta ɓalle gaba ɗaya ko da ba ta cinye ba.

Aikin gaskiya sai an kwance taya. A goge ƙurar ciki da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, domin tsofaffin fatun birki akwai masu asbestos, kuma huhu yake lalatawa. A bi kwanon da samfefa har sulɓin ya tafi. A zare ɗan ƙarfen nan, a wanke tsatsa, a shafa masa giris kaɗan yadda ba zai taɓa fata ba. Takalma a canza su biyu tare da sifirin ɗinsu. Takalmin da ya sha mai a jefar, ƙona shi da fetur da wasu ke yi yaudarar kai ce.

Sai birkin gaba, wanda da yawanmu suka bar wayarsa ta bushe wai yana kayar da mutum. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin. Mai ɗaukar buhun masara biyu da fasinja zuwa kasuwar ƙauye, birkin baya kaɗai ba zai riƙe shi a gangara ba.

Ban ɗora wa bakanike laifin duka ba. Mu ne muke tsaye a kansa muna cewa sauri muke, mu ne muke ciniki har ya ga kwance taya asara ce. Alhali kuɗin takalman birki bai kai na fentin da muka biya ba tare da musu ba. In za ka tayar da tsohon babur, fara da birki, kuma ka ce a miƙo maka tsofaffin takalman ka gani da idonka kafin a mayar da taya.