Bugun Farko da Lafiyar Littafi: Ma'aunin Masu Tara Tsofaffin Littattafai

Tara littattafan da suka yi wuya fanni ne mai ƙa'idojinsa da dillalansa da gidajen gwanjonsa, musamman a Turai da Amurka. Duk littafin da ya zo hannun mai tarawa, tambaya biyu yake fara yi a kansa: wane bugu ne, kuma a wane hali yake? Sau da yawa amsoshin ba sa tafiya tare. Bugun farko ya sha hannu, bangonsa ya saluɓe, ga kuma bugu na biyar garau kamar yau ya fito daga maɗaba'a. Gwanintar mai tarawa tana ga sanin wanda zai rinjaya.

Ana fifita bugun farko ne saboda shi ya fi kusa da hannun marubuci. A siffarsa littafin ya fara shiga duniya, kafin masu gyara su taɓa shi. Galibi kuma kaɗan ake bugawa, domin kamfani ba ya zuba kuɗi a kan marubucin da ba a sani ba. A 1997 kamfanin Bloomsbury na Landan ya buga littafin Harry Potter na farko, kwafi 500 kacal masu bangon kwali, kusan 300 daga ciki aka kai ɗakunan karatu. Ana gane wannan bugu har da kuskurensa: a shafi na 53, cikin jerin kayan makaranta, an ambaci sandar sihiri sau biyu. Kuskuren da aka gyara daga baya shi ne ya zama shaidar asali.

Ta fuskar lafiya kuwa, abin da ake fara dubawa shi ne cikar littafi. Ana bin sa falle-falle a tabbatar babu shafi ko hoto ko taswirar da ta ɓace. Sannan a duba ɗauri da bango, na asali ne ko an sake. Sai takarda: tabon ruwa, funfuna, cin ƙwari, tambarin ɗakin karatu. A littattafan ƙarni na 20 har rigar takardar da ake lulluɓe bango da ita tana da matsayi babba, domin yawancin masu saye jefar da ita suke yi. Bugun farko na The Great Gatsby na 1925, in babu riga, 'yan dubban daloli ake sayensa. In yana da rigarsa lafiya, yakan haura dala 100,000. Haka kwafin Harry Potter da ya tsira daga hannun 'yan aro: a 2021 an sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka kan dala 471,000, alhali waɗanda suka sha tambari da gam a ɗakunan karatu ba sa kusantar wannan farashi.

Daga nan ƙa'idar fannin ta fito: gwargwadon ƙarancin littafi, gwargwadon aibin da ake yafe masa. Littafin zamani da ke da kwafi da yawa a kasuwa, ɗan tabo ma karya shi yake yi, tunda mai saye zai iya jiran wanda ya fi. Wanda ya kusa ƙarewa a duniya kuwa, ko guntunsa daraja ne. Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a garin Mainz na Jamus wajen 1455 bai wuce kwafi 180 ba. Guda 49 suka rage, 21 ne kawai cikakku. A 1921 wani dillali a New York, Gabriel Wells, ya warware wani kwafi mai giɓi ya sayar da shi falle-falle, kuma har yau ana rububin waɗannan fallaye. Kundin wasannin Shakespeare na 1623, wanda ya adana wasanni 18 da ba a taɓa bugawa ba kafinsa, an san inda kwafi 235 suke, mafi yawansu da rauni ko giɓi. Shi ya sa cikakken kwafi ya kai kusan dala miliyan 10 a gidan gwanjon Christie's a 2020.

Tsufa kaɗai ba ya nuna yadda littafi zai kasance. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 da tsumman auduga da lilin ake yin takarda, kuma irin wannan tana daɗewa da ƙarfinta. Da aka koma markaɗa itace, sai aka samu takarda mai arha amma mai sinadarin asid, wadda ke rinewa ta yi ruwan ƙasa, ta riƙa karyewa. Saboda haka littafin shekara 500 kan fi na shekara 100 ƙwari, kuma kowane littafi da sa'o'insa ake auna shi.

Tsadar cikakken littafi ta buɗe ƙofar gyara, ta kuma buɗe ta algus. A ƙarni na 19 a Ingila an yi wani gwani, John Harris, wanda ke zana shafin da ya ɓace da hannu har ƙwararru su kasa bambance shi da na ainihi. Wasu dillalai kuma kan haɗa raunanan kwafi biyu su fitar da ɗaya. A 1934 John Carter da Graham Pollard suka binciki takarda da haruffan wasu ƙananan littattafai da ake sayarwa a matsayin bugun farko, suka nuna cewa takardar ba ta ma wanzu ba a shekarun da aka rubuta a jikinsu. Binciken ya kai ga Thomas J. Wise, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a fannin. Darasin da aka ɗauka shi ne, gyara ba laifi ba ne muddin an bayyana shi. Rauni na gaskiya ya fi lafiyar ƙarya.

Akwai kuma inda abin da ake ɗauka aibi yake zama ado. Rubutu a gefen shafi yana rage daraja, sai fa in an san mai hannun. A 2019 masana suka gano cewa bayanan da ke gefen wani kwafin kundin Shakespeare a Philadelphia na mawaƙi John Milton ne, nan take kwafin ya shiga sahun mafiya muhimmanci.

Wannan ma'auni ya shafi littattafan Hausa kai tsaye. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön na 1885, da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, da ƙamus ɗin Bargery na 1934. Akwai littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. An sake buga da yawansu sau da dama, ana daidaita rubutunsu da ƙa'idojin zamani, don haka tsohon bugu ne kaɗai ke nuna yadda aka fara rubuta su. Ga shi kuma wasunsu don makaranta aka yi su, a takarda mai arha, kuma gara da ɓera da danshin damina da bushewar hunturu ba sa ɗaga musu ƙafa. Littattafan adabin kasuwar Kano ma, da suka yi ta yawo a shagunan haya, haka suke ƙarewa. A irin wannan hali, wanda ya ƙi tsohon bugu don ya yage, mai yiwuwa ba zai sake ganin wani ba.

Tsarin da masana ke bi a taƙaice shi ne: a tabbatar da bugu, a tabbatar da cika, sannan a auna rauni da yawan kwafin da suka rage. Mai neman riba yakan jira kwafi mafi tsabta. Manazarci da ɗakin adana tarihi, irin su Gidan Arewa a Kaduna, sun fi bukatar tsohon matani ko da ya ji jiki. Abin da ya hau kan kowa shi ne kada raunin ya ƙaru a hannunsa: a guji salatif da gam, a cire ƙarfen ɗinki mai tsatsa, a nisanta littafi daga rana da ƙasa da jikin bango mai danshi, a kuma rubuta inda aka samo shi da duk gyaran da aka yi masa.